Wa Ya Sa Wa Kawu Sakata?

Sufeto na cikin cin abincin rana Saje ya leƙo ofis, ya ce an bugo daga gidan rediyon da ke bayan kasuwa, wai mai karanta musu labarai ya rasu a bakin aiki.

"Wanne daga ciki?"

"Dattijon nan, Yallaɓai. Wanda suke ce wa Kawu."

Sufeto ya ajiye cokali. Da safen nan ya ji Kawu a rediyon mota, tari ya sarƙe shi a tsakiyar labarai har ya kasa karanta tallan da ke biye. Tsaki Sufeto ya ja, ya ce tsofaffin nan ba su san lokacin ajiye aiki ba, ya murɗa wata tasha. Yanzu da ya tuna tsakin, ya ji kunyar kansa.

Manajan gidan ne ya tarbe su, mutum mai kwat da ƙamshin turare, irin waɗanda ke ba ka hannu idonsu na kan agogo.

"Ajali ne, Sufeto. Da ma yana fama da asma. Mu nan uwa ɗaya uba ɗaya muke, duk jikinmu ya yi sanyi. Ka sa hannu kawai a ba iyalinsa gawa."

'Yan uwa ɗaya uba ɗayan kuwa, tun da Manaja ya shigo babu wanda ya ɗaga kai daga kwamfuta.

"Sai na ga ɗakin tukuna," in ji Sufeto.

Ƙaramin ɗakin naɗar murya ne a ƙarshen lungu, an manne bangonsa da soso don kada sauti ya fita. Babu taga, sai gilashi ɗaya mai kallon ɗakin injina. Na'urar sanyaya ɗaki ta daɗe da mutuwa, zafin ciki kamar na murhu. Kawu na kwance dab da ƙofa, an rufe shi da labule, soson jikin ƙofar duk a yage.

Sufeto ya fito ya shafa bayan ƙofar. "Wannan sakatar ta mece ce a waje?"

"Saboda kayan aiki. Ka san ma'aikata da ɗauke-ɗauke."

"Sakatar da babu kwaɗo ba ta hana ɓarawo shiga, Manaja. Na ciki take hana fita."

Manaja ya gyara kwat. Ya ce shi dai tun hantsi yana taro da masu ba da talla, kuma ɗakin a hannun Injiniya yake, a tambaye shi.

A teburin karɓar baƙi Saje ya ga wani kwando, a ciki akwai waya da makullin babur da ɗan abin shaƙa na masu asma.

"Na wa ne?" Sufeto ya tambayi budurwar da ke zaune a wurin.

"Na Kawu ne. Mantawa ya yi."

"Mai asma ya manta da numfashinsa a kwando?"

Ta saci kallon kyamarar da ke maƙale a rufi. Sufeto ya gane, ya ce ta raka shi waje ta nuna masa babur ɗin marigayin. Can a inuwar wajen ajiye motoci bakinta ya buɗe.

"Gyara aka sa shi, Yallaɓai. Duk wanda ya yi kuskure a iska, Manaja zai sa ya juye aljihunsa a kwando, a kai shi ɗakin nan, a sa sakata, a kunna jar fitila. Ya yi ta maimaita labaran ana naɗa, sai Manaja ya saurara ya ce ya yi. In fitilar na kunne ka taɓa ƙofar, ka bar aiki ke nan."

"Wa ya sa sakatar yau?"

"Wallahi ban gani ba. Na dai wuce ta lungun, na ga fitilar, na sunkuyar da kai." Ta goge ido da gefen mayafi. "Dukkanmu mun wuce."

Editar labarai, wadda Kawu ke aiki a ƙarƙashinta, mace ce da ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Sufeto ya same ta a ofishinta, idanu sun kumbura, tana ta jera biro a kan tebur tana sake watsa su.

"Shi ya koya mini aiki," ta ce. "Tun ina tsoron makirfo."

"Kin san yana gyara?"

"A'a. Ina wajen taro. Da muka fito na ga sakata, na zare, na same shi a ƙasa."

"Ba ki ji tsoron jar fitila ba?"

Hannunta ya koma kan biro. Sufeto bai matsa ba, ya yi mata gaisuwa ya fita.

Injiniya, wani dogon mutum mai furfura a gemu, tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Ya ce an aike shi gyaran eriya a saman bene, kuma injin naɗar sauti a kashe yake duk yinin.

"To ka ga, Manaja ya ce ɗakin a hannunka yake," in ji Sufeto. "In babu wata shaida, kai zan tafi da kai. Kuma gyara ba ya yiwuwa sai ana naɗa, in ba haka ba me Manaja zai saurara?"

Injiniya ya zauna daɓas a kujera. "Ni ya ce? Shekara da shekaru ina share masa ɓarna." Ya jawo kwamfuta. "Kafin ku iso ya ce in goge abin da aka naɗa. Na ɗora yatsa, na kasa."

Sufeto ya sa aka kira Manaja da Edita, aka rufe ƙofa, Injiniya ya kunna.

Muryar Kawu ta cika ɗakin, a natse, yana karanta labaran safe. Ya kai ƙarshe ya sake farawa. A zagaye na gaba numfashinsa ya fara fito da ƙara, ya tsaya.

"Ɗiyata, kina ji na? Ƙirjina ne. Miƙo mini abin shaƙar nan."

Sai wata murya ta amsa ta lasifikar da ake magana da na cikin ɗaki, ƙasa-ƙasa, a gaggauce. "Kawu, ka daure, sau ɗaya ya rage. Ga shi nan tafe da baƙi."

Daga nan sai bugun ƙofa, soso na shanye shi. Sufeto ya ɗaga hannu aka kashe. Babu wanda ya tambayi muryar wace ce, don mai ita ta riga ta sulale ƙasa ta jingina da bango.

"Ni na sa sakatar," Edita ta ce. "Manaja ne ya ce in sa. Da ya shigo da masu talla yana nuna musu injina, sai na rage lasifikar, na ja labule a kan gilashin don kada su gani. Ya ce in bi su in ba su haƙuri kan tallan da aka tsallake. Na ce a raina yanzu zan dawo. Duk sanda na yunƙura zan tashi sai ya kalle ni, sai in koma in zauna."

"Kallo kawai?"

"Yallaɓai, ba ka yi aiki a nan ba." Ta haɗiye kuka. "Ni ma an taɓa sa ni gyara, ina da tsohon ciki. Kawu ne edita a lokacin. Ya zo ya zare sakatar a gaban kowa. Washegari aka sauke shi, aka ba ni kujerarsa, ni kuma na karɓa."

Manaja ya yi gyaran murya. "Ka dai ji da kunnenka, Sufeto. Ni hannuna bai taɓa sakata ba."

"Bakinka ya taɓa. Kai ka kafa dokar, kai ka ce a goge shaida. Saje, sa masa ankwa."

Edita ta miƙo nata hannuwan, Sufeto ya girgiza kai, ya ce ta dai wuce gaba. Da suka ratsa babban ofis, a karon farko ma'aikatan suka ɗago kai, amma babu wanda ya iya haɗa ido da ɗan uwansa.

A bakin ƙofar gidan wata dattijuwa na sauka daga tasi, takalminta ma ba iri ɗaya ba ne. Matar Kawu ce. Tana ganin Edita ta nufo ta, ta rungume ta, ba ta ko lura da 'yan sanda ba.

"'Yar albarka, gara da na gan ki. Kullum yana cewa ke kaɗai ce tasa a gidan nan. Faɗa mini, kina kusa da shi? Ya samu wanda ya kira?"

Sufeto ya buɗe baki zai ce a bar maganar sai an je ofis, Edita ta riga shi.

"Ya kira ni, Mama," ta ce. "Na kuma ji shi."

Ta zare jikinta a hankali daga hannun dattijuwar, ta buɗe bayan motar 'yan sanda da kanta ta shiga.