Tambayar Baba a Ɗakin Gwajin Iska

Ranar da ta fara ganinsa, yana ɗakin gwajin iska na sashen injiniya, yana sakin hayaƙi a kan wani ɗan fiffiken jirgi. Ita ɗalibar lissafi ce, malaminsu ya turo ta ta ga jujjuyawar iskar da suke lissafawa a takarda. Ya nuna mata yadda hayaƙin ke murɗewa a bayan fiffiken, sannan ya ɗora yatsa inda ƙarfin iska ke taruwa. Ya ce idan wurin nan ya gusa gaba fiye da kima, hancin jirgi kan ɗaga har ya fi ƙarfin matuƙi.

Ta kau da kai daga fiffiken har ya tsargu. Daga baya ta gaya masa yayanta matuƙi ne, ya rasu a hatsarin ƙaramin jirgi.

Shaƙuwa ta shiga tsakaninsu. Yana kiranta Malama, tana tsokanarsa da Sarkin Hayaƙi. Amma da ya turo magabatansa, mahaifinta ya ce jirgi ya riga ya karɓi ɗansa, ba zai haɗa da 'yarsa ba.

Injiniyan ya ɗauke ƙafa. Ganin haka ɗan baffanta ya fara zaryar neman aurenta, ita kuwa ta zaci an haƙura da ita. Ta tura wa injiniyan saƙo: "Ashe rabuwa da ni ba ta da wuya."

Ya amsa: "Malamata, ban haƙura ba. Ba na so in same ki a bayan idon Baba ne."

Ta nuna wa mahaifiyarta saƙon, ita kuma ta kai wa mahaifin wayar ya karanta. Washegari tsohon ya tafi ɗakin gwajin shi kaɗai, ya tarar da saurayin yana aiki. Ya daɗe yana kallon fiffiken kafin ya yi tambayar da ya kasa yi wa kowa.

"Yarona ne ya yi kuskure?"

"Baba, ban sani ba. Ban ga jirgin ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka ba ni 'yarka ba."

Tsohon ya zauna a kujera ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Saurayin ya kashe injin iskar, ya zauna kusa da shi.

Bayan ta kammala karatu aka ɗaura aure. Baba ya haɗa hannuwansu, ya ce, "Ga amana nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba." Ɗakin ya amsa da amin.