Jerin Duwatsun Kaka

Ranar da wani saurayi ya zo ofishin gona ɗora manhajar hasashen zaizayar ƙasa, sau uku kwamfutar tana ƙin karɓa. Tsofaffin ma'aikata suka koma hirarsu. Su da ma shekara ashirin suna kallon ruwa na kwashe gonakin mutane, ba abin da suke tsinanawa sai girgiza kai. Malamar gona kaɗai ta jawo kujera.

"Malam, wai abin nan zai faɗi inda ƙasa za ta zube tun ba ta zube ba?"

"In kin ba shi gangare da yawan ruwa da irin ƙasa, zai faɗa. In ya ga dama ya hau ke nan."

A karo na huɗu manhajar ta hau. Tudu ya bayyana a allo, ruwan damina goma ya gangaro cikin minti ɗaya, jajayen layuka suka tsattsaga shi kamar jijiyoyi. Ta dafe ƙirji.

"Ikon Allah!"

Shi kuwa ita yake kallo. Kafin wata biyu yana kiranta Yayyafi, tana kiransa Ɗan Taswira.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Baba, ya ce sam. Yana da nasa zaɓin, mai tarakta, wanda ya yi alkawarin kwashe tsohon jerin duwatsun da ya ratsa gonarsu don injinsa ya samu hanya.

Don ya burge, Ɗan Taswira ya saka gonar Baba a manhaja daga hoton tauraron ɗan'adam. Sakamako ya fito da jan layi, ya ce nan da shekara uku kwazazzabo zai raba ta biyu. Baba ya yi dariya har da hawaye.

"Shekara arba'in ruwa bai taɓa bi ta nan ba! Wannan za ki aura? Wanda bai san fartanya ba?"

Kunya ta ishe ta, ta daina ɗaga wayarsa. Rana ta uku saƙo ya shigo: "Yayyafina, na bushe. In kuskure na yi, nuna min inda yake."

Ta amsa: "Ka taɓa taka gonar da ƙafarka? Gobe da safe. Ka zo da kwamfutarka, ka bar takalmin ofis a gida."

Ya zo, ya tarar da ita da Baba a bakin gona. Bai yi taku hamsin ba ya yi tuntuɓe da duwatsun, tsayin gwiwa, ciyawa ta lulluɓe su yadda hoton sama bai gan su ba. Ya durƙusa.

"Baba, kai ke da gaskiya. Gonar da na auna ba ta da waɗannan."

Ta riƙe bakin igiyar awo, ya auna, ya shigar da jerin, ya sake kunnawa. Baba ya leƙo ta kafaɗarsu.

"In ba ƙarya yake ba, ruwan ta gindin bishiyar can zai fita."

Ruwan allo ya gangaro, ya daki duwatsu, ya lafa, ya bi jerin a hankali, ya fita daidai gindin bishiyar. Jan layin ya ɓace. 

Baba ya juya ya kalli duwatsun.

"Mahaifina ya jera su da hannu, shekara bakwai. Ana ta yi masa dariya." Ya share ido da hannun riga. "Na farkon fa, mai jan layi?"

Ɗan Taswira ya ce, "Gonarka ce, Baba, ranar da aka kwashe su."

Baba ya dafa dutse ɗaya kamar mai dafa kafaɗar babba.

"Ke, ki gaya wa mai tarakta ya nemi wata gonar. Kai kuma, turo iyayenka. Amma fartanya sai ka koya!"

Kafin ruwan fari aka ɗaura aure. Baba ya haɗa hannuwansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ya sa ku tsaya a jere kamar duwatsun nan, kome ya gangaro ku tare shi tare."