Filin Sadakin Nasiha

Nasiha na tsakar gida tana tsince shinkafa ta ji Baffanta Suleiman a zaure yana faɗa wa iyayen Hamid a dakata da maganar aure.

Hannunta ya tsaya cak cikin faranti...

Hamid dillalin awaki ne, ba shi da zinariyar da 'yan gari ke bayarwa. Filin da ya gada a bayan Dala shi ya ce zai ba ta sadaki. Sai ga masu bututun gas sun kafa jajayen turaku a cikinsa. Bulama, mai unguwar, ya ce aikin gwamnati ne, ba a hana ta ƙasa, diyya kuma sai a jira. Baffa ya ce ba zai ɗaura aure a kan abin da ya fita hannun mai shi ba. Imran ɗan ƙanwar Baffa kuwa har ya fara aiko wa Nasiha da turare.

Tun ranar Hamid ya ɗauke ƙafa.

Ba kira, ba saƙo.

Kullum la'asar na yi sai Nasiha ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta zauna ita kaɗai tana jiransa, a kira magariba ta naɗe abarta.

Da abin ya ishe ta, ta hau keke napep har filin. Ta same shi yana kwashe bulon da ya buga da hannunsa, motar haƙa na gurnani can nesa. Ya rame ƙwarai.

"Ya Hamid, har ni gwamnatin ta karɓe?"

Bai ɗago ba. Ya ce kunya ce, ya yi alkawari da abin da ba ya iya riƙewa. Ta tambaye shi ko duka suka ɗauka. Ya nuna mata wani ɗan tsiri da ya rage bayan turakun, ya ce ko ɗaki ɗaya ba zai ci ba.

Ta taka ta shiga, ta tsaya a tsakiya.

"Ga shi ya ɗauke ni. Sadaki haƙƙina ne, masoyina, ba na Baffa ba. Wannan nake so."

Ya zauna a kan bulo ya rufe fuska da hula.

Da aka kai masa maganar, limamin unguwarsu ta Umarari ya tabbatar wa Baffa cewa in amarya ta yarda da tsirin, sadakin ya halatta. Baffa ya daɗe yana jan carbi.

"Wurin ɗaure akuya..." ya ce, yana girgiza kai. "To. Ku gaya wa iyayen Hamid su zo Juma'a."