Tassa a Filin Jirgin Buza

Ilyasu mai gadi ne ya fara ganin ramukan. Ya dawo daga zaman makoki na kwanaki a Allakaye da hantsi, ya tarar da tsakiyar hanyar saukar jirgi ta koma kamar gurbin dara. Ya saki salati, ya juya babur sai ofishin jandarma.

Filin jirgin Buza ba wani abin a zo a gani ba ne. Jan burji ne shimfiɗe a kan fako bayan gari, wani furoje na masu ba da agaji ya yi shi, ya tattara ya tafi ya bar shi. Amma nan jirgin feshin fara ke sauka, nan kuma ake ɗaukar majinyacin da hanyar mota za ta ƙarasa shi. Jibi sufeto zai zo daga Yamai ya duba abu biyu: lafiyar hanyar, da ko akwai rikici a kan ƙasar. In ɗaya ya ɓaci za a rufe filin a yanka shi fuloti.

Ajudan Yasin, babban jandarman garin, ne ya zo. Mutum ne da ko uwarsa ta ce masa ruwa ya yi sanyi sai ya tsoma yatsa. A bakin ramukan ya iske Mardiya, shugabar komitin kula da filin. Ita ta haɗa matan gari suka dasa dakwara da ciyawa a gefen filin, ana sayar wa makiyaya ciyawar, da abin da aka samu ake gyaran hanya. Wannan tsarin take shirin nuna wa sufeto, don ya ga filin zai iya riƙe kansa ba sai an jira furoje ba.

"Madam, wa kike zato?"

"Allah shi ne masani, Ajudan."

Yasin ya dube ta. Matar da ke bin akuya da jifa in ta taka filin nan, yau an yi masa wannan ɓarna kuma ba ta da sunan kowa a baki? Abin ya tsaya masa a rai.

Ilyasu kuwa bakinsa cike da suna. "Bawa ne! Ran nan munka kori shanunai daga ciyawa, ya ce za mu gani."

An samo Bawa a bakin rijiya, makiyayi ne daga Tabotaki, yana noma yana kiwo.

"Ka ce za su gani?"

"Na ce, ranka shi daɗe. Fushi ne."

"To, sun gani."

"Haba! In an yanka hilin nan, ta ina shanuna za su bi su sha ruwa? Burtalina gefenai yake. Kuma in ɓarna nike so, mi zai sa in ɗauki diga? In saki garke bayan ruwan sama, ai shi ke nan."

Masu ban ruwa suka shaida cewa kullum safe yana nan yana jan guga. Yasin ya sallame shi, amma ya ce kada ya yi nisa.

Sai Alhaji Imrana, dillalin filaye, wanda kowa ya san idonsa na kan fakon nan. Yasin ya same shi a gidan kajinsa na turawa, shi kaɗai ke da irinsa a garin. Wari ya cika wurin, ƙasa duk ɓuntun shinkafa da ake shimfiɗa wa kaji.

"Ni da haƙa rami?" Alhaji ya yi dariya, ya buɗe tafin hannunsa, lumus kamar na amarya. "Kuma ramin da za a cike cikin wuni guda? Ajudan, ba ni da wannan wauta."

"Gaskiya ne. Alhaji, a sayar mini da buhun taki ɗaya mana, maiɗakina na da ɗan lambu."

"Ka yi haƙuri. Ko mudu ba shi fita nan. Duka lambun albasata na Tama yake zuwa, ni ke ɗauka da kaina." Ya rage murya. "Amma in shawara kake so, tambayi Mardiya gonar wa ce wurin nan kafin a yi hili. Na ji ana cewa masu ita na son abinsu."

Yasin ya yi godiya. Shi dai bai taɓa yarda da shawarar da ba a roƙa ba.

Ya koma filin ya tsuguna. A Keita aka haife shi, kuma tun yana ɗan saurayi yake haƙa tassa a gonar ubansa, ramukan nan da manoman Adar ke yi a fako da rani don su tare ruwa su shuka gero a ciki. Da ya duba da idon manomi sai ya ga abin da idon jandarma ya tsallake. Ramukan ba a jere suke ba, kowane na tsakanin biyun da ke samansa. Ƙasar da aka fitar kuma an tara ta ta gefen gangare, ba ko ɗaya da aka kuskure. Mai ɓarna ba ruwansa da inda ruwa zai bi.

Ya sa hannu ya tona gindin rami ɗaya. Ya ɗebo, ya shinshina, ya murza. Ya tona na biyu, ya tona na uku. Ya ƙulle abin da ya samu a hankici, ya nufi gidan Mardiya.

A zaure ya ga tsoho zaune kan tabarma, ƙato, kafaɗu har yanzu na manomi. Baba Barmo ke nan, mahaifin Mardiya. Tafin hannunsa duk bororo.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Kai ne malamin gona? Madalla! Ka ga aikina? An maido mini gonata."

Mardiya ta fito da sauri, mayafi a hannu. "Ajudan, ba shi da lahiya, ƙafa ke damunai..."

"Madam, bari mu gaisa. Baba, wa ya maido maka?"

"Wani yaron kirki mai mota. Sunanai..." Tsohon ya lalubi sunan ya rasa. "Shi ke kai ni da sahe. Ya ce in haƙa kawai. Na ce yaro, tassa ba taki ai kabarin gero ce, ba ni sara ko ɗaya. Sai ya tahi ya kawo buhu."

Mardiya ta zauna a dakali, hawaye na zuba. Tun da ta ga ramukan ta gane hannun ubanta. Hankalinsa ya soma gushewa tun bara, ta ɓoye wa gari, tana cewa ciwon ƙafa ne. Kullum safe takan bar shi a zaure ta tafi wurin mata, ta dawo ta same shi inda ta bar shi.

"Shi da kanai ya ba da gonar nan gaban hakimi, anka musanya mai da wata," in ji ta. "Ya manta, Ajudan. Wani lokaci ni ma sai ya tambaye ni ɗiyar wa ce."

"To ki saurara. Ramukan za a cike su gobe, ba su ne matsala ba. Wanda ya yi wannan rikicin gona yake son sufeto ya gani. Ya kuma zaɓi Baba don ya san ba za ki kai ƙarar ubanki ba, ba za ki tona lalurarsa ba. In kika yi shiru, filin ya tafi."

"In ce ubana ya ruɗe? Gaban mutane?"

"Ni ba zan faɗa a madadinki ba."

Washegari mata da samari suka cike ramukan, aka daddaɓe. Yasin ya sa aka bar ɗaya a can gefe, aka kifa masa kwano.

Ranar zuwan sufeto gari ya fito. Mardiya ta zo da ubanta, ta zaunar da shi a inuwar dakwara. Sufeto ya taka hanyar daga farko har ƙarshe, ya saurari tsarin ciyawa, yana gyaɗa kai. Sannan ya tambaya ko akwai mai magana a kan ƙasar.

Kamar jira yake, Alhaji Imrana ya matso. "Ranka shi daɗe, gaskiya ɗaya ce. Mai gonar ga shi can zaune. Da hannunai ya zo ya yi tassa a nan cikin satin ga. A tambaye shi."

Sufeto ya juya ga Mardiya.

Ta dubi ubanta, yana murmushi yana kallon jama'a. Sannan ta ce, "Ubana ne ya haƙa. Amma ba shi cikin hankalinai, tsufa ya taɓa shi tun bara. Ni na ɓoye. Gonar ya ba da ita da daɗewa, ga hakimi nan, a gabanai anka yi."

Hakimi ya tabbatar. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, don sun san Barmo lokacin da ba a yanke magana a garin sai da shi.

Yasin ya ɗage kwanon. "Alhaji, ban faɗa wa kowa wanda ya haƙa ba. Kai ina ka sani?"

"Gari ne, ana magana."

"To, bar wannan. Tsoho ba ya iya tako daga gari zuwa nan, kawo shi aka yi a mota. Wanda ya kawo shi rami kawai yake so. Abin da bai sani ba, don bai taɓa riƙe diga ba, manomin Adar ba ya haƙa tassa sai da taki a gefe. Baba ya ƙi aiki, dole aka nemo masa." Ya ɗebo daga ramin ya buɗe hannu. "Kashin kaji ne da ɓuntun shinkafa. A Buza wa ke noman shinkafa? Gida ɗaya ake sauke ɓuntu."

"Taki ai ana saye!"

"Na nemi saye ka hana ni. Ka ce ko mudu ba ya fita, kai ke ɗauka da kanka."

Zufa ta jiƙa wuyan rigar Alhaji.

Sufeto ya ce shi bai ga rikici a nan ba, fili zai ci gaba da aiki. Wata mata ta soma guɗa, ta dubi Mardiya, ta haɗiye.

Jandarmomi na sa Alhaji a mota sai ga Baba Barmo ya taso yana jan ƙafa. Ya riƙe ƙofar motar da hannayen nan masu bororo.

"Ina za ku kai shi? Ku sake shi, don Allah. Duk garin ga shi kaɗai ya tuna gonata ce." Ya waiwayo ya dubi Mardiya, bai gane ta ba. "Ke baiwar Allah, ki roƙe su mana."

Mardiya ta zo ta ɓamɓare yatsunsa daga ƙofar, ɗaya bayan ɗaya. "To, Baba," ta ce. "Zo mu tahi gida."