Baƙon Ɗaki Na Bakwai

Ƙarfe goma na safe ne, ruwan da aka fara tun asuba ya ɗauke ke nan, rana ta fito da zafinta har tururi na tashi daga kwalta. A wasu ƙasashen farkon kaka ne, ana shirin girbi, amma a wannan 'yar ƙasa ta bakin teku ruwa ba ya duba wata, kullum sai ya leƙo.

Auta tana bayan kantar karɓar baƙi a masaukin mahaifinta, tana goge allon da ake rataye makullan ɗakuna goma sha biyu, sai ga wani saurayi a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, rigarsa sharkaf. Bai shigo ba. Sunkuyawa ya yi ya ƙura wa kubar ƙofar ido, ya sa babban yatsa ya shafa ramin makullin, sannan ya ɗago ya yi sallama.

Ta amsa a taƙaice. A ranta ta ce, wannan kuma wane iri ne, da zai gaida ƙofa kafin ya gaida mutane?

Ya ce daga nesa yake, ya zo ganin yayansa da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Ɗakin yayan su huɗu ne a ciki, shi ya sa yake neman masauki. Kwana ashirin da ɗaya aka ba shi a fasfo.

"Sana'a fa?" ta tambaya, biro a hannu.

"Gyare-gyare."

"Gyaran me?"

"Abin da ya lalace, ranki ya daɗe."

Ta harare shi, ta rubuta, ta miƙa masa makullin ɗaki na bakwai. Maimakon ya jefa a aljihu kamar kowa, sai ya ɗaga shi wajen haske yana ƙirga haƙoransa da farce. Daga nan ya kai ido kan allon, ya daɗe yana kallo.

Gabanta ya faɗi. Bara an ɗauke wa wani baƙo waya da agogo a ɗaki kulle, ba a fasa komai ba, har yau ba a san wanda ya yi ba. Tun daga ranar Baba ya daina yarda da kowa, ya dasa kujera a baranda, duk mai shiga da fita sai ya bi ta gabansa.

Don haka Auta ta sa wa baƙon ido. In ya fita ta duba agogo, in ya dawo ta duba jakarsa ko ta ƙara nauyi. Matsalar ita ce, mai sa ido dole ya yi kallo, shi kuwa yana da sanyin magana da wani murmushi mai zuwa a makare, sai an gama zance sannan ya iso.

A rana ta uku ya dawo kafin la'asar, ya jingina da kanta.

"Auta, ashe ƙasarku ta ƙare?"

"Ta ƙare kamar yaya?"

"Na hau bas na ce a kai ni ƙarshenta. Ban gama cin gyaɗata ba direba ya ce in sauka, sai ga teku. Na tsallaka titi na hau wata, ita ma teku."

Dariya ta kufce mata ba ta shirya ba.

"To Na Bakwai, ai ka ga duka, sai ka koma gida."

"Da saura," ya ce, ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

Lambarta tana jikin bango don baƙi masu buƙata. Washegari da hantsi saƙo ya shigo.

"Salam. Na Bakwai ne. Ina bakin teku, ban taɓa ganin sa ba sai a ƙasarku. Na ɗanɗana, da gaske gishiri ne. Na ce bari in sanar da hukuma."

Ta rubuta: "Hukuma ta ji. Kada ka shanye mana."

"Ba zan iya ba. Abin da nake so in tafi da shi bai kai teku yawa ba, amma ya fi shi wuyar roƙo."

Ta karanta sau uku, ta kife wayar. Me yake so ya tafi da shi? Zuciyarta ta ba ta amsa biyu, ɗaya mai daɗi, ɗaya mai ban tsoro.

Cikin mako biyu ya koma kiranta Sarauniyar Kanta, ita kuma in ba kowa ta ce masa Bakwaina. Yana ba ta labarin mahaifiyarsa da ƙannensa mata uku, da yadda masallatan nan ke cika da ƙamshin ruwan sama. Amma in ta kawo zancen sana'a sai ya kauce. Kuma har yanzu ba ya wuce ƙofa bai kalle ta ba.

Akwai wanda duk wannan bai yi wa daɗi ba, wato ɗan baffanta, Direba, mai jan motar masaukin. Shekara biyu yana kai wa Baba gaisuwa saboda ita, ita kuwa Yaya take ce masa, ba ta taɓa ƙara ko harafi a kai ba.

"Ƙanwata," ya ce mata wata rana, "mutumin da ba ya faɗin aikinsa, aikin ne ba ya faɗuwa."

"Yaya, motarka na tare hanya."

Ranar kwana na goma sha biyar, da azahar, Gwaggo mai girki ta shiga sito ɗauko shinkafa, iska ta bugo ƙofar ta kulle. Auta ta kawo makulli da gudu, tsatsar iskar teku ta riga ta ci shi, tana murɗawa ya karye a ciki. Sito ba taga. Gwaggo tana bugun ƙofa tana cewa numfashinta na sama. Baba ya aika a kawo guduma.

"A ɗan ba ni wuri," in ji Na Bakwai.

Ya durƙusa, ya zaro wata 'yar fata daga aljihu, ya warware. Siraran ƙarafa ne a jere. Da ɗaya ya zaro guntun makullin, ya zura biyu, ya karkata kai kamar mai sauraron sirri. Ƙas! Ƙofa ta buɗe.

Gwaggo ta fito tana haki tana sa masa albarka. Sauran kuwa, kowa 'yar fatar nan yake kallo.

"Minti ɗaya bai yi ba," in ji Direba. "Baffa, dama ina neman yadda zan faɗa maka. Shekaranjiya da idona na gan shi ya sa makullinsa a ɗaki na takwas, ya buɗe, ya leƙa, ya mayar ya rufe."

Baba ya juya. "Haka ne?"

"Haka ne, Baba, amma…"

"Ni ba babanka ba ne. Gobe da safe ka bar mini gida."

Auta ta koma bayan kanta. Ashe hirar duk ta allon makullai ce? Ashe ita ce ƙofar da ya fara gwadawa? Ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Ka cuce ni. Na tambaye ka sau nawa?"

Amsa ba ta daɗe ba.

"Sarauniya, sana'ata gyaran kuba da yanka makulli, tun ina shekara goma sha biyu. Duk inda na faɗa, sai in ga mutane suna jan jakarsu kusa da su. Ban so ki ja taki ba. Na yi kuskure. Kada ki yarda da maganata. Ki ɗauki makullin ɗaki na uku ki je ƙofar na tara."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta zare na uku, ta hau bene. Na tara ba kowa a ciki. Ta zura, ta murɗa, ƙofa ta buɗe salin alin. Ta gwada na goma, ya buɗe. Na sha ɗaya ya ƙi. Na sha biyu ya buɗe. Kafin ta sauko, makulli ɗaya ya buɗe mata ƙofa takwas.

Ba ta yi wa Baba bayani ba, makullin ta damƙa masa ta ce ya zo ya gani. Shi ma ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. A ta biyar ya tsaya, ya dafa bango. Shi da kansa ya sayo kubobin nan a kwali ɗaya shekara shida da suka wuce, bai taɓa kawo wa ransa ya gwada ba.

Ya sa aka kira Na Bakwai baranda.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na zo na yi zato, haƙoran makullan iri ɗaya ne a allo."

"Ka yi shiru?"

"In baƙo ya sauka yau ya ce maka ƙofofinka duk suna buɗe masa, za ka bar shi ya kwana? Na so in tabbatar tukuna. Amma maigidana da ya koya mini sana'a ya hore ni, ba a buɗe ƙofa sai mai ita na tsaye. Na karya wannan, ba ni da bakin kare kaina."

Baba yana ta kaɗa ƙafa.

"Sannan akwai wata magana," in ji Na Bakwai, murya ƙasa ƙasa. "Ina son Auta. Da aure."

Auta da ke laɓe bayan labule ta toshe baki. Wannan bawan Allah bai san lokacin magana ba!

"Kai!" in ji Baba. "Ban gama da ƙofofina ba ka hau kan 'yata? Baƙon kwana ashirin, wanda ban san gidansu ba? Ka iya gyara su?"

"Na iya."

"To a gabana za ka yi."

Kwana uku Baba yana jan kujerarsa daga ƙofa zuwa ƙofa. Na Bakwai ya kwance kowace kuba, ya zube 'yan ƙarafan cikinta a faranti, ya sauya musu jeri, ya goge tsatsa, ya ɗiga mai, ya zauna da magagari yana fitar wa sabon makulli haƙora. Ba ya sauri. Baba ba ya ƙiftawa. Direba yana wucewa yana tsaki, har ya gaji ya daina.

Auta takan kawo ruwa ta ajiye tsakaninsu. A rana ta biyu ta tura saƙo daga bayan kanta.

"Bakwaina, ka yafe mini."

"Ba ki yi laifi ba. Ni ma da na ga kaina a ƙofarku, da na kira 'yan sanda."

Da aka gama, Baba ya gwada kowane makulli a kowace ƙofa, har sau biyu. Kowanne ɗakinsa kawai yake buɗewa.

"Makulli nawa ka rage a aljihu?"

Na Bakwai ya zazzage aljihunsa. Fasfo, carbi, ɓawon gyaɗa. Ya ɗora 'yar fatar nan a kai.

"Wannan wasa ne," in ji Baba. "Ko na karɓe ƙarafan, hannunka ai makulli ne. Duk ƙofar da ka gyara, kai ka fi kowa sanin cikinta."

"Gaskiya ne. Wannan ba ni da yadda zan yi da shi. Ba kubar da zan ƙera maka da za ta hana ni. Sai dai ka yarda da ni, ko kada ka yarda."

Auta ta lissafa a ranta. Saura masa kwana biyu a ƙasar.

Baba ya dubi hannayen saurayin, duk sun yi baƙi da mai, ga yanka a yatsa. Ya tura masa 'yar fatar da bayan hannu.

"Ɗauki kayanka. Gobe ka kawo mini yayan naka in gan shi. In ka koma gida, ka turo manya. Ban ce na ba ka ba."

Bai ce ya ba shi ba, amma sai da ya je tashar jiragen ruwa sau uku yana tambayar halin gidansu a bakin mutane daban daban, ya kira maigidan Na Bakwai a waya ya tsare shi da tambayoyi har katinsa ya ƙare.

Wata biyar Auta tana kwana da tashi da saƙonni.

"Sarauniya, yau na buɗe ƙofa goma sha ɗaya, duk masu su na tsaye. Wadda nake so in shiga tana bayan teku."

"Mai ita na zaune a baranda. Jiya ya tambaye ni ko kana cin abinci."

Ranar wata Juma'a aka ɗaura aure, baffansa da yayansa a sahun gaba. Direba ne ya ɗauko ango da baffan nasa daga filin jirgi, fuska a murtuke, amma ya zo. Gwaggo ta rungume amarya tana kuka tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, ya sa a ga alheri. Baba ya dafa kan ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Amana ce." Daga haka bai ƙara ba.

An ba su ɗakin ƙasa na bayan masauki, ango ya kafa ɗan teburin aikinsa a gefen titi. Baba bai fasa zaman baranda ba, bai kuma fasa bin surukinsa da ido ba.

Bayan mako guda, da la'asar, ango ya shigo daga aiki ya bar takalmansa a waje. Hadari ya haɗo, aka fara yayyafi. Auta ta ɗaga labule za ta fita ta kwashe, sai ta hangi Baba ya taso daga kujerarsa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki takalman, ya kakkaɓe, ya jingina su a ƙarƙashin rumfa inda feshi ba ya kaiwa. Ya koma ya zauna, ya kunna rediyonsa.

Auta ta saki labulen a hankali.