Kunnen Hagu na Zomon Auta

Ranar da ya fara zuwa, tana tsugune a tsakar gida hannayenta cikin kumfa. 'Yan tsana na auduga na jere a kan raga a inuwa, duk sun zuba wa ƙofa idanunsu na gilashi. Sana'arta ke nan: a kawo mata tedi da giwa da zomo na yara, ta wanke, ta ɗinke inda ya yage. 'Yar Shiru ake ce mata a gida, don ta fi sakewa da 'yan tsana a kan mutane.

Ya yi sallama, ƙaramin gilashin masu gyaran agogo na rataye a wuyansa, ya rungume wata jaka kamar wanda ya ɗauko jariri.

"An ce ke ce likitarsu."

"Wanki kawai nake yi," ta ce, idonta a kan bokiti.

Zomo ya ciro. A da fari ne, yanzu ya koma toka-toka, yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Na ƙanwata ne, Auta. Ta rasu tana ƙarama. Umma ba ta barci sai da shi, yanzu ga ta a asibiti, tari ya ƙi barinta. Likita ya ce ƙurarsa ce."

Ta juya zomon a hannu. Gashin kunnen hagu ya kwashe, irin na abin da yaro ya daɗe yana tsotsa. Da ta taɓa wurin sai ta ji danshi.

"Kun jiƙa shi ne?"

"A'a," ya ce, ya kawar da kai.

Tana da wata ƙa'ida da ba wanda ya koya mata. Kowace 'yar tsana tana da wurin da yaron ya fi riƙewa, ita kuwa ba ta wanke wurin. Ta naɗe kunnen da leda, ta ɗaure gindinsa da zare tam. Sauran jikin ta barbaɗa masa garin soda na girki ta kakkaɓe, ta bi shi da ruwa mai ɗumi da sabulun jarirai. Ba ta murɗe shi ba, a tawul ta danne ruwan, ta kwantar da shi a inuwa fuskarsa na kallon bango.

Ta shiga kicin ta fito, da rana tsaka, ko iska babu. Zomon na kallon ƙofa.

"Yaya, ke kika juya shi?"

"Ni da ko kallonsu ba na son yi?" in ji yayarta daga ɗaki. "Wataƙila mai shi yake jira. Ba shi kaɗai ba kuma."

"Kai, Yaya!"

Jikin ya bushe, ta taje gashin da tsohon buroshin haƙori har ya tashi lufluf. Amma da ta kwance ledar, kunnen da ruwa bai taɓa ba shi ne a jiƙe. Ta yi bismillah ta ajiye shi.

Mai Agogo kuwa kullum sai ya biyo, wai duba majinyaci. Ya gyara musu agogon bango da ya daɗe da tsayawa, ya koma ya gyara wanda lafiyarsa ƙalau. In ya tafi sai saƙo ya shigo.

"'Yar Kumfa, na dawo shago amma na saka wa agogon mutane hannu a juye. Laifinki ne."

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa. "Allah ya ba mai agogon haƙuri. Ka ci abinci?"

"Na ci. Amma ban ƙoshi da ganinki ba."

Ta kifa wayar a cinya, ta rasa inda za ta sa fuskarta, 'yan tsana na kallonta.

Da za a sallami Umma ya zo ya karɓi zomon. Washegari ya dawo da shi, idanunsa jajir.

"Ta gan shi fari a kan filo, ta fasa kuka. Ta ce ba nata ba ne, an wanke mata ƙamshin 'yarta. Ko taɓa shi ba ta yi ba." Ya ajiye zomon a gabanta. "Na kuma yi wauta. A nan take na ce mata ke nake so in aura."

"Me ta ce?"

"Ta ce wadda ta wanke mata Auta ba za ta shigo mata gida ba. Ta ce ga 'yar ƙanwarta nan, nas ɗin da ta yi jinyarta."

'Yar Shiru ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko. "Ba ta san ka kawo ba ke nan? Ka sa hannuna a abin da ba a ba ka ba."

"'Yar Kumfa..."

"Ka tafi, don Allah."

Ya tafi, zomon ya zauna. Ta ɗora shi a kan sif, ta daina amsa saƙo, ko da yake tana karantawa har ta haddace.

"Na yi kuskure, tarin Umma ne ya tsorata ni. Ba zan saɓa mata ba, kuma ba zan iya kallon wata ba. Ban san yadda zan yi ba."

Makonni suka wuce, kunnen bai bushe ba. Ta kai shi rana, abin da ba ta taɓa yi wa 'yar tsana ba, a banza. Wata rana da la'asar gidan ya yi tsit, tana ɗinke ƙafar wata giwa, ta ji wani ɗan sauti daga kan sif, caɓ, caɓ, a hankali, kamar yaro na tsotsar abu barci na ɗibarsa. Ta ɗaga kai, sautin ya tsaya. Zomon na kallon ƙofa.

Tsoron ne ya fara zuwa. Bayansa wani abu ya biyo, mai kama da tausayi. Ta sa mayafi, ta rungumi zomon.

"Ina zuwa haka?" in ji Yaya.

"Gida yake so."

Umma na zaune a bakin gado a ɗaki mai labule a sake. Tarin ya tafi, amma ƙasan idanunta ya yi baƙi. 'Yar Shiru ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Umma. Ban san ba da saninki aka kawo ba, ki yafe mini. Ba don maganar aure na zo ba. Kunnen hagu na zo ki taɓa. Ban wanke shi ba."

"Me ya hana ki?"

"Na ga nan take tsotsa. Ba nawa ba ne da zan wanke."

Umma ta dubi zomon. Sai ta miƙa hannu ta kama kunnen, ta kai shi hanci, ta rufe ido. Kafaɗunta suka fara girgiza.

"Tun ranar da aka fita da ita bai bushe ba," ta ce a hankali. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kar a ce na taɓu. Ke ma kin ji?"

"Na ji, Umma."

"Kuma ba ki jefar da shi ba."

"Yarinya ce. Ina zan jefar?"

Umma ta jawo ta jikinta, zomon a tsakaninsu. Can ta ɗaga murya. "Kai mai laɓe a bayan labule, ina ganin ƙafarka. Shigo ka ba ta haƙuri a gabana."

Ya shigo yana sosa ƙeya. 'Yar Shiru ta sunkuyar da kai, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

Ranar da aka ɗaura musu aure, bayan jama'a sun ragu, Umma ta kira su ɗakinta. An zuge labule, haske ya cika ɗakin. Ta haɗa hannayensu ta dafa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu tsotsar kunnen zomo. Auta kuma Allah ya kai haske kabarinta."

Suka amsa da amin. Sai Umma ta miƙa wa amarya zomon. "Taɓa ki ji, 'yata."

Ta taɓa kunnen hagu. A bushe yake, da ɗan ɗumi, kamar yanzu aka sake shi.