Shuɗin Alli a Bayan Shagwaɓa

Akwai wata yarinya da na sani, ita ce auta a gidansu. Ajinta nawa a makaranta? Wannan ya shige mini. Abin da ban manta ba shi ne tsoron allura da take yi, da kuma 'yar farar akuyarta mai suna Shagwaɓa.

Wata safiya ma'aikaciyar jinyar dabbobi ta zo gidan da akwatin magani. Yaran gidan Anti suke ce mata. Ta ce cuta mai yaɗuwa ta ɓulla a garken maƙwabta, za ta yi wa awaki rigakafi.

Duk akuyar da ta yi wa allura, sai ta ja mata shuɗin alli a baya, don kada a tsallake wata.

"Auta, riƙe mini allin nan," in ji Anti.

Auta ta karɓi allin, ta kalli allurar. Ta zagaya bayan rumfa, ta ja wa Shagwaɓa layi da kanta.

"Na cece ki," ta raɗa mata a kunne.

Anti ta ga alamar, ta wuce.

Bayan wasu kwanaki, ko makonni ne, Shagwaɓa ta daina tsalle. Hancinta ya cika da majina, ga zawo, ko ganye ba ta kallo. Baba ya kira Anti.

"Ikon Allah!" in ji Anti. "Da idona na ga alamarta ran nan. Ko maganin ne ya lalace? In haka ne, garken duka yana cikin haɗari."

Auta ta fashe da kuka.

"Anti, ni na ja mata allin. Ban so ta ji zafi ba."

Baba ya riƙe baki. "Au, ashe muna da likita a gidan nan ba mu sani ba!"

Anti ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Gara da kika faɗa. Share hawayenki, aiki ya same ki."

Aka keɓe Shagwaɓa a ɗakin ajiya, da kwanon ruwanta daban. Auta ce mai goge mata hanci da tsumma da ruwan ɗumi. Ita ce mai ɗura mata ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ta fito, sai ta wanke hannu da takalmi da sabulu kafin ta je wurin sauran awaki.

Kullum Anti tana zuwa ta yi wa akuyar allura. Wata rana ta ce wa Auta:

"Kin gani? Guda ɗaya kika hana ta, yanzu ga shi tana sha kullum."

Auta ta riƙe kan akuyar, ta rufe nata idanun gam.

"Ke ake yi wa ko ita?" in ji Baba. Har Auta sai da ta yi dariya.

Ran nan da safe aka ji Baba yana ihu a tsakar gida. Ya leƙa ɗakin ajiya, Shagwaɓa ta fizge masa hula tana tauna.

"Ta warke! Baba, ta warke!" Auta ta yi ta tsalle.

"Na ga alama," in ji Baba. "Wa zai warkar mini da hulata?"

Sauran awakin kuwa babu wadda ta kamu.

Yarana, ku riƙe wannan ko da ni na manta. Tausayi na gaskiya shi ne ka bari a yi wa abin da kake so magani, ko da zai ji ɗan zafi. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri.